Harshe da Haruffa a Makarantar Karlovci ta Ƙasar Sabiya, 1918-1941

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na Ƙa'idojin Rubutun Hausa ya dawo mini da aikin gida ya yi ja wur da biro. Laifina bai wuce na lanƙwasa ba. Na rubuta "kasa" inda ya kamata in rubuta "ƙasa", na sa "daki" a gurbin "ɗaki". Ni kuwa ba da Hausa na buɗe baki ba, a makaranta na koye ta, har yau kunnena yakan yaudare ni a kan waɗannan sautuka. Da na yi ƙunƙuni cewa ai 'yar ƙugiya ce kawai, sai malam ya ce in je in nemo wani harshe da ake rubutawa da haruffa iri biyu, kamar yadda Hausa take da boko da ajami, in ga ko masu harshen sun ɗauki harafi abin wasa.

Neman ya kai ni ƙasar Sabiya da ke kudu maso gabashin Turai, ya ajiye ni a ƙofar wata makarantar sakandare ta wani ƙaramin gari mai suna Sremski Karlovci. Wannan muƙala za ta duba halin da makarantar ta shiga tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, wato daga 1918 zuwa 1941. An kafa ta ne domin ta riƙe wa Sabiyawa iliminsu a ƙarƙashin mulkin baƙi. Tambayata ita ce: da Sabiyawa suka wayi gari cikin ƙasa tasu, me ya sami makarantar, kuma wa ya koma yanke hukunci a kan abin da ɗalibi zai rubuta a littafinsa?

Kafin mu yi nisa, 'yan'uwana ɗalibai, a lura da furuci. Harafin "c" a rubutunsu ba irin namu ba ne na "ciki" ko "cokali". Ya fi kusa da "ts", sai dai babu tsayar da numfashin da Bahaushe ke yi. Sautin "c" namu kuwa da č ko ć suke rubuta makamancinsa. Harafin "j" kuma "y" ne a bakinsu. Kalmar da suke kiran irin wannan makaranta da ita ita ce gimnaziya, kuma ba ɗakin motsa jiki take nufi ba: sakandare ce mai shirya yaro zuwa jami'a.

Garin da makarantar

Karlovci yana bakin kogin Danub, a gindin tsaunin Fruška Gora, tafiyar 'yan kilomitoci daga birnin Novi Sad. Mutanensa ba su kai 10,000 ba, amma sunansa ya fi shi girma. A nan aka sa hannu a kan yarjejeniyar 1699 da ta tilasta wa Turkawa sakin mafi yawan ƙasar Hangari. Shekaru tara kafin haka, a 1690, dubban Sabiyawa sun yi ƙaura daga yankunan da Turkawa ke mulki zuwa ƙasar sarkin Ostiriya, bisa jagorancin shugaban cocinsu Arsenije na III. Daga 1713 Karlovci ya zama mazaunin babban bishop na Cocin Otodoks na Sabiyawan daular. Da yake ba su da sarki nasu a can, bishop ɗin ne uban jama'a, shi ke magana da yawunsu a fadar Biyana.

A 1791 babban bishop Stefan Stratimirović ya kafa makarantar, da izinin Sarki Leopold na II. Wani attajiri, Dimitrije Anastasijević Sabov, ya ba da forint 20,000, sauran mutanen gari suka ƙara nasu. Ita ce gimnaziyar Sabiyawa mafi tsufa. Ba gwamnati ke tafiyar da ita ba, wani kwamitin iyayen makaranta ne wanda ya haɗa bishop da manyan gari. Akwai kuma gidan kwana da ciyarwa domin 'ya'yan talakawa. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi a 1891, da kuɗin shugaban coci German Anđelić da ɗan'uwansa Stevan.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, makarantar Sabiyawa ba da Sabiyanci ta fara koyarwa ba. Latin ne harshen aji, Jamusanci na biye da shi. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 harshen yara ya sami wannan matsayi.

Vuk da harafin da ya jawo masa zargi

Ba za a fahimci rikicin shekarun 1920 ba sai an san Vuk Karadžić (1787-1864). Yana saurayi ya zo Karlovci neman shiga makarantar, aka ce ya girme wa aji. Wannan da aka mayar shi ne daga baya ya sauya rubutun Sabiyanci baki ɗaya. A zamaninsa masu ilimi suna rubutu da wani gaurayen harshe na coci da Rashanci da maganar gida, wanda manomi ba ya ganewa sosai. Vuk ya ce a rubuta harshen da jama'a ke magana da shi, kowane sauti da harafinsa guda. A ƙamus ɗinsa na 1818 ya zubar da haruffan Sirilik da ba su da aiki, ya shigo da shida (Ј, Љ, Њ, Ћ, Ђ, Џ), daga baya jimla ta tsaya 30.

Harafin Ј daga Latin ya aro shi. A kan wannan harafi ɗaya aka zarge shi da neman sayar da Sabiyawa ga Katolika. Babban mai adawa da shi kuwa shi ne Stratimirović, wanda ya kafa makarantarmu. Amma daga cikin ɗaliban makarantar ne aka sami Branko Radičević, mawaƙin da littafinsa na 1847 ya nuna cewa harshen talaka na iya ɗaukar waƙa mai daɗi. Shahararriyar waƙarsa, Đački rastanak, ban kwana ce ta ɗalibi da Karlovci, kuma a 1883 aka dawo da ƙasusuwansa daga Biyana aka binne a tudun Stražilovo da ke bayan garin. Gwamnatin Sabiya ba ta ɗage takunkumi a kan rubutun Vuk gaba ɗaya ba sai 1868, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Ƙasa ta samu, gata ya ragu

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Karlovci yana cikin yankin Kuroshiya da Slaboniya na daular Ostiriya da Hangari. Hukumomin yankin sun taƙaita amfani da Sirilik a 1914, suka hana shi a harkokin hukuma a 1915. Don haka da daular ta rushe, murna ta yi yawa. Ranar 24 ga Nuwamba 1918 wakilan yankin Srem suka taru a garin Ruma suka zaɓi haɗewa da Sabiya, ranar 1 ga Disamba kuma aka yi shelar Masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa.

Mai karatu zai zaci kakar makarantar ta yanke saƙa. A ganina akasin haka ne ya faru, ko da yake a hankali. Da fari dai aljihunta ya huje. Dukiyar da masu kyauta suka bari da kuɗin tsohuwar daula take, wato kruna, wadda yaƙi ya riga ya karya mata daraja, sannan aka canza ta kruna huɗu a kan dinari ɗaya. Dokar rabon filaye da aka fara a Fabrairun 1919 ta taɓa manyan gonaki, har da na coci. Cikin shekarun farko bayan yaƙi makarantar ta koma hannun gwamnati. Malami ya zama ma'aikacin Ma'aikatar Ilimi da ke Belgrade, ita ke biyansa, ita ke iya ɗauke shi ta kai wani gari.

Sannan garin kansa ya rage nauyi. A Satumban 1920, a nan Karlovci, aka yi shelar haɗe cococin Sabiyawa wuri guda. Bikin ya ɗaukaka garin, amma ma'anarsa ita ce kujerar babban bishop na Karlovci ta narke cikin babbar kujera mai fuskantar Belgrade, inda aka kammala sabuwar fadar shugaban coci a 1935. A 1929 kuma Novi Sad, maƙwabci mai tasa gimnaziyar tun 1810, ya zama hedikwatar lardin Danub. A da uba yakan turo ɗansa daga nesa domin makarantun Sabiyawa kaɗan ne a daular. Yanzu kowane babban gari yana da gimnaziyar gwamnati mai koyarwa da harshen gida, to me zai sa a kai yaro nesa?

Ba wai makarantar ta mutu ba ne. Shugabanta na wancan lokaci, masanin harshe Radivoj Vrhovac, shi ne kuma ya shugabanci Matica srpska daga 1920, wato tsohuwar ƙungiyar adabin Sabiyawa da aka kafa a 1826. Tana da ɗakin karatu mai tsofaffin littattafai, ga sunan da ta yi wajen koyar da Latin da Girkanci. Sai dai ta zama ɗaya cikin jerin makarantu da ke karɓar umarni iri ɗaya.

Dokar makarantun sakandare ta 1929 ce ta daidaita tsarin a duk ƙasar. Yaro yakan shigo bayan shekara huɗu a firamare, ya yi aji takwas. A ƙarshen aji huɗu akwai ƙaramar jarrabawa, mala matura, a ƙarshen aji takwas kuma babba, velika matura, wadda ke buɗe ƙofar jami'a. A tuna cewa ƙidayar 1921 ta nuna sama da rabin mutanen ƙasar ba su iya karatu da rubutu ba, a 1931 ma kusan kashi 45 cikin 100 ne. Wanda ya riƙe takardar matura a lokacin babban mutum ne tun yana ɗan shekara 19.

Harshe mai suna uku

Nan ne abin ya fi shafar mu ɗaliban harshe. Tsarin mulkin 28 ga Yuni 1921 ya kira harshen hukuma da suna srpsko-hrvatsko-slovenački, wato Sabiyanci-Kuroshiyanci-Sulobeniyanci. Tsarin mulkin 1931 ya maimaita sunan. Matsalar ita ce babu mahaluƙin da ke magana da wannan harshe. Sulobeniyanci harshe ne mai zaman kansa, kuma masu shi sun ci gaba da koyarwa da shi a makarantunsu. Siyasa ce ta raɗa sunan: gwamnati ta ce al'umma ɗaya ce mai sunaye uku, to dole harshenta ma ya zama ɗaya.

Tsakanin Sabiyawa da Kuroshiyawa kuwa da gaske suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba, domin daidaitaccen harshensu a kan karin harshe ɗaya aka gina shi. Bambancin yana wurare kaɗan, amma wurare ne da ido ke gani. Na farko haruffa. Sabiyawa suna da Sirilik na Vuk, Kuroshiyawa suna da Latin wanda Ljudevit Gaj ya gyara a shekarun 1830. Sabuwar ƙasa ta amince da duka biyu, kuma ana son ɗalibi ya iya duka. Sunan ƙasar Sabiya СРБИЈА ne a ɗaya, SRBIJA a ɗayan. Wahalar mai koyo ita ce haruffan da suka yi kama amma furucinsu daban: Р na Sirilik "r" ne, С "s" ne, Н "n" ne, В kuma "v". Sautukan da Sirilik ke rubutawa da harafi guda, Љ da Њ da Џ, Latin yana haɗa biyu ne, lj da nj da dž, kamar yadda muke yi da sh da ts.

A nan kwatancen da malam ya ba ni ya ɗan gurgunce, kuma ya kamata in faɗa. Haruffan Sabiyanci 30 ne a kowane ɓangare, kowane harafi da takwaransa, har ana iya juya littafi daga wannan zuwa wancan ba tare da an rasa komai ba. Boko da ajami ba haka suke ba. Ajami yakan nuna tsawon wasali, boko kuwa ba ya nunawa, shi ya sa mu masu koyo muke tuntuɓe a kan "gari" na zama da "gari" na tuwo. Abin da ya haɗa mu da su shi ne yadda mutane ke karanta addini da asali a jikin harafi. Wanda ya san muhawarar da ta tashi a 2007, lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, ba zai yi mamakin rigimar harafin Ј ba.

Bambanci na biyu ya fito daga wani tsohon wasali da ake kira yat, wanda a da ake rubutawa ѣ. Da harshe ya yi ta sauyawa, a wasu yankuna ya koma "e", a wasu ya koma "ije" ko "je". Madara mleko ce a Karlovci da Belgrade, mlijeko a Zagreb. Kogi reka ko rijeka, yaro dete ko dijete. Kada a ɗauka wannan layi ne tsakanin ƙabilu biyu: Sabiyawa da yawa na Bosniya da Kuroshiya da "ije" suke magana, Vuk kansa da shi ya yi rubutu. Tun kafin yaƙi, a 1913, mai nazarin adabi Jovan Skerlić ya kawo shawarar sulhu, cewa Sabiyawa su bar Sirilik su ɗauki Latin, Kuroshiyawa kuma su bar "ije" su ɗauki "e". Wasu marubuta matasa na Zagreb sun gwada hakan bayan 1918, amma da siyasa ta yi tsami suka koma gidan jiya.

Na uku kalmomi ne: burodi hleb ko kruh, jirgin ƙasa voz ko vlak, watan farko januar ko siječanj. Na huɗu kuma ƙa'idojin rubutu. "Zan rubuta" pisaću ne a al'adar Belgrade, kalma ɗaya, amma pisat ću a ta Zagreb, kalma biyu. Duk wanda aka taɓa rage wa maki a kan raba "za a" ko haɗe "saboda" ya san irin wannan ciwo.

Littattafan ƙa'ida biyu ne suka yi ta gogayya: na Dragutin Boranić da ya fito a Zagreb a 1921, da na Aleksandar Belić da ya fito a Belgrade a 1923. Sai siyasa ta shigo da ƙarfinta. A Yunin 1928 aka harbi jagoran Kuroshiyawa Stjepan Radić a zauren majalisa, ya rasu bayan makonni. Ranar 6 ga Janairu 1929 Sarki Aleksandar ya soke tsarin mulki ya riƙe iko shi kaɗai, a Oktoba ya sauya wa ƙasar suna zuwa Yugoslabiya. A wannan shekarar Ma'aikatar Ilimi ta fitar da umarnin ƙa'idojin rubutu guda ɗaya domin dukkan makarantu, wanda ya fi karkata ga Belić. A watan Disamba kuma aka haɗe ƙungiyoyin motsa jiki na Sokol ƙarƙashin gwamnati domin a tarbiyyantar da matasa a kan zama 'yan Yugoslabiya.

Ga ɗalibin Karlovci umarnin bai yi nauyi ba, tun da kusan yadda ya saba rubutu ne aka mayar doka. Nauyin ya faɗa a kan takwaransa na Zagreb. A nan nake ganin kuskuren gwamnatin. Daidaita rubutu abu ne mai amfani, mu ma a shekarun 1930 ne aka tsayar mana da ɓ da ɗ da ƙ, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta taimaka wajen yaɗa rubutun. Amma ƙa'idar da ta fito a shekarar da aka rufe majalisa, kuma ta yi kama da ta ɓangare ɗaya, dole ɗaya ɓangaren ya karɓe ta kamar haraji.

Baƙin Rasha

Akwai wasu mutane a garin da su ma harafin yat ya dama. Bayan juyin juya halin 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya, dubban Rashawa sun sami mafaka a masarautar, da yawansu suka kama aikin koyarwa da na injiniya. A 1921 shugabannin cocin Rasha da ke gudun hijira suka yi taro a Karlovci, garin ya zama cibiyarsu, kuma jagoransu Antoni Hrapovicki a nan ya rasu a 1936. Janar Wrangel, kwamandan ƙarshe na sojojin da suka yaƙi Bolshebik a Kirimiya, shi ma ya zauna a garin kafin ya koma Beljiyam a 1927.

A 1918 gwamnatin Bolshebik ta tabbatar da gyaran rubutun Rashanci, wanda ya kori haruffa kaɗan, ciki har da ѣ. Masu hijira da yawa sun ƙi gyaran, suka ci gaba da buga littattafansu da tsohon rubutu, domin a wurinsu barin harafin tamkar sallama wa abokan gaba ne. Ke nan ɗalibin da ya fito daga aji, inda aka koya masa cewa Vuk ya kyauta da ya zubar da yat shekaru 100 da suka wuce, yana iya cin karo da dattijon da ya bar ƙasarsa amma ya ƙi rabuwa da wannan harafin.

Daga 1939 zuwa 1941

An kashe Sarki Aleksandar a birnin Marseille na Faransa ranar 9 ga Oktoba 1934, kuma manufar al'umma ɗaya ta yi ta raunana bayansa. A Agustan 1939 aka ba Kuroshiyawa lardi mai cin gashin kansa. Ba da jimawa ba makarantun lardin suka koma kan ƙa'idojin Boranić. Umarnin 1929 shekara goma kawai ya yi yana aiki a ƙasar baki ɗaya.

Karlovci bai shiga wannan lardi ba, amma abin da ya fi shi muni na tafe. Ranar 6 ga Afrilu 1941 Jamus ta afka wa Yugoslabiya. Bayan kwana huɗu aka yi shelar ƙasar Kuroshiya ta 'yan Ustasha, masu samun goyon bayan Jamus da Italiya, aka haɗa mata da yankin Srem. Ranar 25 ga Afrilu, wato kwana 15 da kafa ta, gwamnatin ta haramta rubutun Sirilik. Garin ma an sauya masa suna zuwa Hrvatski Karlovci, ma'ana Karlovcin Kuroshiyawa. Kisan gillar da aka yi wa Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma a wannan ƙasa ya wuce abin da muƙala irin wannan za ta ɗauka.

Bayan yaƙi garin ya dawo da sunansa, makarantar ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin mulkin gurguzu. Yugoslabiya ta wargaje daga 1991, kuma tsarin mulkin Sabiya na 2006 ya ce harshen hukuma Sabiyanci ne, rubutunsa Sirilik, ko da yake Latin ya cika jaridu da allunan shaguna. Yaran firamare sukan fara da Sirilik a aji ɗaya, su ƙara da Latin a aji biyu. Makarantar Karlovci kuwa tana nan cikin ginin 1891, ta zama sakandare ta musamman domin nazarin harsuna, ana koyar da Latin da tsohon Girkanci tare da harsunan zamani.